Daga Damagaram zuwa bakin teku: tambayoyin da ake ta yi min kan komawa garin ruwa

Tunda na dawo gida ban huta ba, ko a fada ake shan shayi ko bakin kasuwar Dole sai wani ya ja ni gefe wai yana son shawara, musamman watan huɗu da na biyar lokacin da gari ya ɗau wuta kuma pampo ya yi kwana da kwanaki ko ɗigo babu, nan ne kowa ke tuna akwai wani gari a bakin tekun Benin da ake ce ma Kwatano. Shekara tara na yi can ina saida piyes, wato kayan gyaran moto, sannan na ƙara biyu a Abijan. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tara tambayoyin nan wuri guda, kusan yadda aka yi min su.

Yaya, wai da gaske ruwan can ya kai yadda ake faɗa ko zuzutawa ce ta 'yan bariki?

Ƙanena ya kai har ya wuce. Mu nan Zinder abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai ba, kuma kusan duk cikin wata uku ne, Agusta ce uwar. Kwatano tana samun wajen 1300, Abijan wajen 1800, Duwala da Konakiri kuwa sun haura 3500. Konakiri a watan Agusta kaɗai tana iya shan ruwan da ya fi namu na shekara biyu. Amma kar ka ɗauka duk garin da ke bakin teku haka yake, Lome da Akara ruwansu wajen rabin na Abijan ne ko ƙasa da haka duk da suna kallon teku ɗaya.

Dalilin shi ne iskar damina daga teku take tasowa, kudu maso yamma, su take fara jiƙawa tun watan uku watan huɗu, kafin ta iso mana wata na shida ko bakwai ta riga ta sauke mafi yawan kayanta a hanya. Kwatano da Abijan damina biyu gare su, babba daga watan huɗu zuwa na bakwai, a ɗan sarara a Agusta, sai ƙarama ta dawo wajen watan tara zuwa sha ɗaya. Kaga lokacin da mu muke tsakiyar damina su suna hutu.

Kuma yanayin zubarsa ma daban. Namu ka sani, hadari ya haɗo daga gabas, ƙura ta taso a ruga a kwashe shanya a kama awaki, a zuba na awa ɗaya a ɗauke, gari ya yi ƙamshi. Can babu wannan sanarwar, sai ka tashi da asuba ka tarar ana yi, azahar ana yi, gobe ma ana yi. Ruwan farko da ya same ni a Kwatano fita na yi tsakar gida na tsaya yana dukana ina hamdala, wata tsohuwa maƙwabciyata tana leƙena tana dariya, ta ce da ni da faransanci wai mu haɗu watan shida. Mun haɗu kuwa.

To ai kenan an rabu da wahalar ruwan sha?

Wannan kam ba zan ɓoye ba, ita ce babbar riba. Garinmu kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya Ganaram, kuma duk wanda ya girma a Birni ko Garin Malam ya san tashin ƙarfe biyun dare jiran pampo da jeren bido. Can za ka yi wanka sau biyu sau uku ba wanda zai harare ka, uwargida ta yi wanki ranar da ta ga dama.

Sai dai ruwan da ke ƙasa ba duka ne na sha ba. A Kwatano in ka haƙa gaba ɗaya ko biyu ka cimma ruwa, abin sha'awa ga mutumin Damagaram, amma ka tuna shaddar maƙwabcinka ma zurfinta kenan. Rijiyar tsakar gida ta wanki ce da wanka, wani wurin ma gishiri-gishiri take. Na sha sai na pampo ko na leda.

Zafi fa? An ce can babu zafi.

Wanda ya gaya maka haka a otal mai kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya kwana. A ma'auni gaskiya ne, mu watan huɗu da biyar muna wuce 40, su da wuya su wuce 33 ko 34. Amma namu zafin busasshe ne, ka shiga inuwar bedi ka ɗan jiƙa rawani sai ka ji dama. Can iskar cike take da ruwa, laimar tana kai kashi 80 cikin ɗari ko fiye, zufa ta fito ba ta da inda za ta je sai ta zauna maka a jiki, ka fito wanka kana goge jiki kana sabuwar zufa.

Abin da ya fi ba ni mamaki tulu. Na ɗauki tulun Mirriya tun daga nan na lallaɓa shi cikin tsumma har Kwatano don in riƙa shan ruwa mai sanyi irin na gida, wallahi ruwan nan ya ƙi sanyi, sai ma kore-kore da tulun ya fara yi a gindi. Ashe abin da ke sanyaya ruwan tulu shi ne raɓar da ke tsattsafowa ta bushe a iska, toh inda iska ba ta busar da komai ina sanyi zai fito. Yadda tulun nan ya yi haka jikinka zai yi.

Kwanan waje kuma ka manta da shi, ko sauro ya kore ka ko ruwa. Amma azumi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ba ka jin maƙoshi na tsagewa da la'asar. Hunturu yana leƙo su 'yan makonni a Disamba da Janairu, su ɗauko manyan riguna suna rawar ɗari kai kana dariya. Kaushi da faso da haɓo duk za su bar ka, sanƙarau da ke tsorata mu lokacin bazara shi ma ba ya yi musu irin yadda yake mana.

Kawu, in zan kama gida me zan duba?

Yauwa ɗana, ka zauna da kyau don duk sauran tambayoyin in aka haɗa su ba su kai wannan ba. Zaman lafiyarka a garin ruwa ya rataya kan inda za ka shimfiɗa tabarmarka a watan shida.

Ni a watan ɗaya na kama ɗakina na farko, rani ƙarau, kartiye fes, yashi fari, luwaye, wato kuɗin haya, da araha har ina ganin na yi wa dillali wayo. Na ga an ɗaga dokin ƙofa ya kai gwiwa sai ka haura kafin ka shiga, na ga wani layi ruwan ƙasa ya zagaye bango kamar an ja da igiya, na ga gadon maƙwabci kan bulo huɗu, duk ban karanta komai ba don ido na Damagaram ne. Wani dare a watan shida ina barci na miƙa hannu ƙasa in ɗauko tocila sai na ji hannuna cikin ruwa har wuyan hannu. Na haska, takalmana suna yawo tsakar ɗaki, buhun garin da na sayo ya zama kunu, ga kwaɗo zaune bisa akwatina yana kallona. Ruwan nan ba ta ƙofa ya shigo ba, ta ƙarƙashin siminti ya ɓullo. Mako uku muna taka bulo da katako kafin mu kai gudron, mai gida kuwa da na je masa cewa ya yi ai kowa ya sani.

Kwatano shimfiɗe take kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, wurare da yawa fadama ce aka cike aka yi gini, in tafkin ya cika ruwa ba shi da wurin gudu. Kartiye irin su Agla da Vosa da Fifaji an san su da wannan, a 2010 kuwa ambaliyar ta game mafi yawan ƙasar Benin. Abijan matsalarta wata ce, can tudu da kwari ne, talaka yana gini a jikin gangare, ruwa ya yi yawa ƙasa ta zaftaro da gidaje cikin dare, Atekube da wasu sassan Abobo sun sha ganin haka. Kuma a 2024 hukuma ta rushe kartiye da dama da ta ce suna wurin haɗari, mutane suka wayi gari a titi, saboda haka ɗaki mai arha a irin wurin nan ko ruwa bai tashe ka ba katafila na iya tashin ka.

Abin da zan ce maka, in da hali ka je neman gida cikin ruwa, kashegarin babban ruwa ma ya fi. In dole da rani ne toh ka duba gindin bango, ka duba ko kanibo, wato magudanar ruwan kartiyen, a toshe yake, ka ɗaga kai ka ga tabon yoyo a silin, sannan ka rabu da dillali ka je ka sayi ƙosai wajen matar da ke tuya a bakin layi ka tambaye ta ina ruwa ke tsayawa, ita ba ta da riba cikin yi maka ƙarya.

Kuɗin shiga kuma shi ke karya mutane. A Abijan ƙa'ida wata biyu abansi wata biyu kosiyo, wato kuɗin ajiya, ga na dillali, kaga kuɗin wata biyar kenan kafin ka ga makulli. Legas kuwa shekara guda ake biya gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya da suke ce ma antire-kushe, banɗaki na taro, kuɗinsa zai kama maka gida mai tsakar gida da zaure a nan.

Gaskiya ne kaya na ruɓewa a ɗaki?

Funfuna da tsatsa su ne masu gidan, kai ɗan haya ne. Duk wani abin fata da muke taƙama da shi, takalmin dukawa, gafaka, matashin fata, ka rufe su wata ɗaya ka buɗe ka ga sun yi furfura. Shaddar sallah in ka ninke ta da 'yar laima ta tashi aiki. Wanki kwana uku kan igiya cikin ɗaki bai bushe ba sai wari. Kilishin da aka aiko maka daga gida ka cinye shi da wuri, can ba ya ajiyuwa, haka hatsi. Iskar teku kuma gishiri gare ta, moto da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi duk tana ci, ni da ke saida piyes na ci ribar wannan ba zan yi ƙarya ba. Takardunka, diplom da takardar haihuwa da hotuna, ka sa su leda ka ɗaure ka rataye sama.

Yara fa, ba za su yi ta ciwo ba?

Hajiya, palu, zazzaɓin cizon sauro, ita ce babbar magana. Nan tana da lokacinta, damina zuwa kaka, shi ya sa ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara maganin rigakafi watannin nan. Can sauro ba ya tafiya hutu, wata goma sha biyu yana nan. Sange dole ne ga kowa har maigida, kuma zazzaɓi in ya kama yaro a kai shi likita a gwada jini ranar, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Bayan ambaliya sai gudawa da taifot don ruwan shadda da na rijiya sun gauraya. Ƙurajen zufa za su fito wa jariri a wuya da baya, tsakanin yatsun ƙafa kuma yana ruɓewa in ana yawan taka ruwa, a riƙa busar da shi sosai bayan alwala. Mai asma da ƙurar nan ke tayar masa yana iya samun sauƙi, sai dai in ɗakin mai funfuna ne toh an gudu ba a tsira ba.

Akwai abin yi kuwa, ko duk labari ne?

Akwai kuɗi a bakin teku, wannan ba gardama, inda jirgin ruwa ke sauke kaya nan kasuwa take. Mutanenmu suna cikin albasa da dabbobi da nama da kayan masarufi da canji da tiranzit, wasu gadi, wasu talla a kai. Kasuwar Dantokpa ta Kwatano lokacin da nake can sai ka wuni kana yawo ba ka ga ƙarshenta ba, haka ta Ajame a Abijan. Kai abincin da ya fi kowane farin jini a Abijan, acake na rogo da soyayyen kifi, sunansa garba, kuma sunan daga mutanenmu 'yan Nijar masu saida shi ya samo asali, duk lungu akwai rumfarsa.

Amma ga abin da ba a faɗa a waya. In sana'arka ta tebur ce ko ta yawo, ranar ruwa ranar asara ce, kuma ranakun suna da yawa. Watan shida sai ka yi kwana huɗu ba ka yi cinikin kirki ba alhali luwaye da kuran da abinci ba su san ana ruwa ba. Ka lissafa ribarka kan wata tara ko goma ne, sauran na zaman jira. Mai tunanin kabu-kabu kuma, Kwatano 'yan kabu-kabun da ake ce ma zemijan masu riga rawaya sun cika gari kuma 'yan ƙasa ne, Legas kuwa tun 2022 aka hana acaɓa a manyan sassan birnin, an kwashe baburan mutane da yawa.

Maganar kuɗi, Benin da Togo da Kodebuwa sefa ɗaya muke ci, jika jika ce, abin da ka aiko gida ba ya narkewa a hanya. Legas naira, Akara sidi, Konakiri nasu faran, Duwala sefa ce amma ta Afirka ta tsakiya sai ka canza. Kuma ni dai ban taɓa ba wa kowa shawara ya tafi ba tare da yana da wanda zai sauke shi ba, wanda ya ce maka zo da bakinsa, ba wanda ka ga hotonsa a Facebook jingine da motar wani ba.

Hanya da takardu fa yanzu da abubuwa suka canza?

Da can sai ka bi gudron ta Maraɗi da Konni zuwa Doso, ka gangara Gaya ka haye gada zuwa Malanvil, Paraku, sai Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar nan, mutane suka koma tsallake kogi da kwalekwale, manyan motocin kaya kuma suka koma hanyar Lome ta Burkina. Mu na Zinder muna da wata mafita, ta Kano zuwa Legas. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina, saboda haka kar ka tafi da tsohon tunanin ai duk gida ne. Ka riƙe kartidantite mai rai ko fasfo, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, in ka sauka ka je ofishin jakadancinmu ka yi katin ɗan ƙasa mazaunin waje. Halin hanya kuma ka tambayi direbobi a tasha satin da za ka tashi, labarin watan jiya ba ya aiki.

Za a samu fura?

Za a samu a zango, amma ba irin ta gida ba kuma da tsada. Can masara ce da rogo da doya da ayaba da manja. Kifi arha, nama tsada, akasin nan. Cikinka zai yi wata biyu yana gardama sannan ya sallama. Ni yanzu acake nake marmari, abin kunya.

Malam, addini da tarbiyyar yara ne ke damuna.

Masallaci ba za ka rasa ba. Kwatano akwai Zongo da babban masallacinta, Abijan akwai Tireshbil da Ajame da Abobo, Legas akwai Agege da Idi Araba, Akara akwai Nima, ko'ina ka ji Hausa kamar kana Zango. Akwai sarkin zango, akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ake tara kuɗi don ciwo da rasuwa, ka shiga tun ranar farko don can mutuwa ma da kuɗi take tafiya.

Lakwal a ƙasashen faransanci tsari ɗaya ne da namu, yaro zai ci gaba daga ajinsa har BEPC da BAC, Legas da Akara ne sai an sake da turanci. Abin da ke zamewa a hankali harshe ne. Ɗana na fari da muka zo ganin gida yana shekara shida, kakarsa ta ce masa ɗauko min faifai, yaron nan ya tsaya yana kallona in fassara masa. Tsohuwa ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗauko da kanta, ni kuwa na kasa cin tuwon daren nan. In za ka kai su toh Hausa a cikin gida dole, makarantar allo da yamma, hutun ƙarshen shekara kuma a turo su gida ko da bashi ne.

Ana shiga tekun?

Ka je ka gani ka ɗau hoto ka jiƙa ƙafa. Kar ka wuce gwiwa. Tekun wannan yankin yana da igiyar da ke ja ta ƙasa, iyon da ka koya a tafkin damina ba ya aiki a nan, kuma baƙi irinmu ya fi ɗauka.

Yaya, maigidana ya dage sai mun koma gaba ɗaya da yara, ni kuma gabana na faɗuwa.

Ƙanwata faɗuwar gaban nan tana da dalili, don shi zai fita kasuwa tun safe ya haɗu da 'yan uwa a yi raha, ke ce za ki wuni a ɗaki ɗaya da yara ana ruwa, babu tsakar gida babu inna babu maƙwabciyar da kike jin yarenta, kicin ɗinki kurfoti ne a bakin ƙofa. Matata shekararta ta farko kuka ta riƙa yi a ɓoye, sai daga baya ta gaya min. Da ta saba kuma, ta koyi yaren Fon na kasuwa ta fara saida turaren wuta da yaji, ita ce ta fi ni jin zafin dawowa.

Ki lallashe shi ya fara tafiya shi kaɗai ya ci babbar damina ɗaya a ɗakin da yake son kai ku. In watan bakwai ya wuce katifa ba ta jiƙe ba kuma yana iya biyan luwaye ba tare da ya taɓa jari ba, sai ku bi shi a Agusta lokacin da ruwa ya sarara, kafin a koma lakwal. Gidanku na nan kuma da gona kar a sayar don kuɗin mota, a bar wani ciki.

To kai me ya dawo da kai, kuma za ka koma?

Tsohuwa ce ta tsufa kuma ni ne babba, sannan rufe iyaka ya taɓa cinikina don yawancin masu sayen kayana 'yan gida ne da ke lodi zuwa nan. Da na dawo watan huɗu ne, na sauka tasha iska ta buge ni kamar an buɗe tanda, leɓena ya tsage kwana biyu, dare na farko kuma aka tashe ni jiran pampo, na zauna kan bido ina tambayar kaina wa ya aike ni. Amma daren nan a waje na kwana bisa tabarma babu sange, na sha ruwan tulu mai sanyi har haƙorina ya amsa.

Zama dai na dindindin ba na jin zan sake, sai dai zuwa sari. Ɗan yayata yana can yanzu, ya kira ni watan jiya yana murna wai ya samu ɗaki mai arha kusa da tafki, har da iska mai daɗi. Na ce ya ɗauko min hoton gindin bangon ya turo, har yau bai turo ba.